Tsohuwar kwamfuta tsakanin ofis da ɗakin ɗalibai: yadda aka mai da ita rauta

Wurin da abin da ya kawo maganar

Cibiyar koyar da kwamfuta ce mai ɗaki biyu a bayan wata kasuwa. Ɗaki ɗaya ofis ne, da teburin mai wurin, da na sakatariya, kwamfuta biyu da firinta. Ɗayan na ɗalibai ne: kwamfuta 18 a jere kan benci, kowace da wayarta da ta bi gindin bango ta shiga suwic, wato akwatin da ke haɗa wayoyin kwamfutoci, mai rami 24. Intanet yana shigowa ta wata ƙaramar rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin gida da intanet, mai ɗaukar layin waya, irin ta 4G, da aka ɗora kan kabad kusa da tagar ofis saboda nan sabis ya fi ƙarfi. Daga bayanta doguwar waya ɗaya ta fito, ta ratsa bango, ta shiga suwic ɗin ɗalibai.

Ke nan duk kwamfutocin gidan a layi ɗaya suke. Rautar tana riƙe da 192.168.0.1, tana raba wa sauran adireshi daga nan zuwa sama, kowa yana ganin kowa. Wata safiya sakatariya ta tarar firinta ta zubo tulin shafukan hotuna da wani ɗalibi ya tura daga ɗakinsu. Bayan kwana kaɗan malamin ɗakin ya ga wani yaro ya buɗe foldar da ake ajiye jerin waɗanda suka biya kuɗin karatu da waɗanda ake bi bashi. Yaron bai fasa komai ba. A buɗe ya same ta.

Mai wurin ya ce abu uku yake so: ɗalibai su ci gaba da samun intanet, kada su ƙara ganin komai na ofis, kuma kada a sayi sabon kaya sai in ya zama dole. A sito akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 2 da ramin wayar sadarwa ɗaya. Malamin ɗakin matashi ne da ya iya gyaran kwamfuta sosai, amma bai taɓa haɗa layi biyu ba. Ni sai a tsakiyar mako na biyu aka kira ni. Abin da ya faru kafin nan daga bakinsa na ji, da kuma littafin da yake rubuta duk abin da ya taɓa.

Aikin da ake so kwamfutar ta yi

Waɗanda suka girma a ƙauye sun san lokacin da akwatin gidan waya ɗaya ne tak a gari, na makarantar firamare. Kowa zai rubuta wasiƙa sai ya sa adireshin makaranta, amsa ta zo hannun hedimasta, shi kuma ya san ta wa ce, ya aika yaro ya kai. Gidan waya bai san gidan kowa ba, makarantar kawai ya sani. Wannan shi ne sauya adireshi, abin da ake kira NAT a taƙaice. Kwamfutar da ke tsakiya tana karɓar fakitin bayani daga ɗakin ɗalibai, ta goge adireshin mai aikowa ta sa nata, ta rubuta a rajistarta cewa wannan hira ta wance kwamfuta ce da lambar mashiga kaza. Amsa na dawowa ta duba rajista, ta mayar da adireshin asali, ta miƙa.

Dalilin ƙirƙiro dabarar ƙarancin adireshi ne. Adireshin intanet na tsarin IPv4 yana da gurbi 32, kowanne sifili ko ɗaya, wanda ke ba da adireshi kusan biliyan 4.3, kuma tun farkon shekarun 1990 aka hango ba za su isa ba. A 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka bayyana NAT a takardar bayanin tsarin intanet mai lamba RFC 1631 a matsayin mafita ta ɗan lokaci. A 1996 RFC 1918 ta keɓe rukuni uku domin amfanin cikin gida: duk wanda ya fara da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Waɗannan ba sa yawo a intanet, kowa na iya amfani da su a bayan ƙofarsa.

Makon farko: ta kwamfutar sakatariya

Malamin ya fara da hanya mafi sauƙi. Ya sayo ɗan katin sadarwa mai shiga ramin USB, ya soka a kwamfutar sakatariya, ya cire doguwar wayar daga rauta ya mai da ita kan katin, ya kunna tsarin raba intanet da ke cikin Windows. Nan take katin ya ɗauki 192.168.137.1, kwamfutocin ɗalibai suka samu adireshi a wannan rukuni, shafuka suka buɗe. Bai fi rabin awa ba.

Kwana biyu aka yi ana murna. A rana ta uku wani ɗalibi da ya riga ya haddace adireshin firintar ofis ya rubuta shi kai tsaye, takarda ta fito. Sunayen kwamfutocin ofis sun daina bayyana a jerin maƙwabta, amma hanyar zuwa gare su tana nan. Sauya adireshi yana hana na waje fara magana da na ciki ne kawai. Bai hana na ciki zuwa duk inda ya ga dama ba, kuma a idon ɗakin ɗalibai ofis ɗin ma waje ne, kamar kowane shafi. Ga matsala ta biyu: sakatariya tana tashi ƙarfe huɗu ta kashe kwamfutarta, ajin yamma kuma bayan sallar La'asar yake farawa. Ranar Juma'a aka mayar da wayar inda take.

Mako na biyu, Litinin zuwa Laraba: kwana uku ba fita

Ranar Litinin ya fito da tsohuwar kwamfutar, ya kaɗe mata ƙura, ya ɗora mata Debian 12, wani nau'in tsarin Linux, ba tare da allon hotuna ba, sai baƙin allo na rubutu. Ramin da ta zo da shi ya haɗa da rautar ofis, katin USB kuma da suwic ɗin ɗalibai. Ya sanya manhajar iptables, wadda ake rubuta dokokin tacewa da sauya adireshin fakiti da ita, ya bi wani bayani da ya samu, layi bayan layi.

Babu abin da ya fita. Kwamfutar tsakiya ita kanta tana shiga intanet lafiya lau, amma na ɗalibai ko ita ba sa samu kullum. In an aika mata gwajin ping, wato ɗan saƙon da ake turawa a ga ko za ta amsa, wani lokaci ta amsa, wani lokaci shiru. Ya canza waya. Ya canza rami a suwic. Ranar Talata ya goge komai ya sake ɗora Debian daga farko. Ranar Laraba ya mayar da katin USB shagon da ya saya, aka canza masa wani, sakamakon bai canza ba. Da daddare ya kira ni: "Yaya, don Allah ka leƙo gobe. Na bi komai yadda aka rubuta, abin ya ƙi."

Alhamis: kurakurai uku, ɗaya a bayan ɗaya

Kafin mu taɓa kwamfuta na ce ya kawo takarda ya zana mini gidan: rauta, kwamfutar tsakiya da katinta biyu, suwic, kuma ya rubuta adireshin kowanne a gefensa. Yana cikin rubutawa ya tsaya. Katin ofis ya ba shi 192.168.0.10, katin ɗalibai 192.168.0.20. Rukuni ɗaya a ɓangare biyu. Da muka buga `ip route` sai ga layi biyu suna cewa hanyar 192.168.0.0/24, wato duk adireshin da ya fara da 192.168.0, ta wannan kati ce, kuma ta wancan ce. Saƙo ya shigo daga ɗakin ɗalibai, amsarsa ta fita ta ƙofar ofis ta ɓata. Muka canza ɓangaren ɗalibai zuwa 10.10.0.0/24, kwamfutar tsakiya ta ɗauki 10.10.0.1. Na zaɓi rukunin 10 da gangan, domin yawancin rautocin gida da na tafi-da-gidanka da 192.168 suke zuwa, kuma ko gobe aka canza rautar ofis ba za a sake karo ba. Muka sa wa kwamfutar ɗalibi ɗaya adireshi da hannu, 10.10.0.5, ƙofar fitarta 10.10.0.1. Ping ya amsa duka, ba ɓata ko ɗaya.

Mataki na gaba, daga kwamfutar ɗalibin zuwa rautar ofis. Shiru. Linux ba ya miƙa fakiti daga kati zuwa kati sai an ce masa ya yi. Haka yake zuwa, don kada kowace kwamfuta mai kati biyu ta zama gada ba da sanin mai ita ba. Muka duba fayil ɗin /proc/sys/net/ipv4/ip_forward, sifili ne a ciki. Ya kunna shi ranar Litinin, amma da ya sake ɗora Debian ranar Talata ya tsallake layin. Muka buga:

`sysctl -w net.ipv4.ip_forward=1`

Har yanzu shiru. A nan ne muka daɗe, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Na buɗe tcpdump, manhajar da ke nuna fakitin da ke wucewa, a kan katin ofis, na ce ya sake aika ping. Muna kallo fakitin ya fito a allo, ya bar kwamfutar tsakiya ya nufi rauta, amma da adireshin 10.10.0.5 a goshinsa. Ba a sauya shi ba. Rautar ofis ba ta san wani gida mai suna 10.10 ba, don haka ko ta so amsawa ba ta san ta inda za ta bi ba. Wasiƙa ce ta fita ba tare da adireshin makaranta ba.

Dokar sauya adireshin tana nan, shi ya rubuta ta da hannunsa. Muka jero ta da `iptables -t nat -L -v`, sai ga ma'aunin fakitin da suka bi ta kanta: sifili. Bayanin da ya bi ya ce eth0, shi ma ya rubuta eth0. Amma a wannan kwamfuta babu kati mai wannan suna. Sababbin fitowar Debian suna raɗa wa kati suna ne bisa lambarsa ko mazauninsa a jikin na'ura: na ofis enp2s0 ne, na USB kuma enx da doguwar lambar katin a bayansa. Shi kuwa iptables ba ya ƙorafi in an ba shi sunan katin da babu, domin katin na iya bayyana daga baya. Sai ya karɓi dokar ya zauna yana jira. Muka goge ta, muka rubuta:

`iptables -t nat -A POSTROUTING -o enp2s0 -j MASQUERADE`

MASQUERADE muka zaɓa saboda yana ɗaukar duk adireshin da katin waje yake da shi a lokacin, ba sai an rubuta masa lamba ba. Ping ya kai rauta. Ya kai 8.8.8.8, wani adireshi da ke can intanet. Malamin ya miƙe tsaye ya ce alhamdulillahi, ya buɗe burauza, shafi ya ƙi buɗewa. Wannan bai ɗauki minti goma ba: kwamfutar ɗalibin ba ta da wanda za ta tambaya fassarar suna zuwa lamba. Muka sanya dnsmasq, muka tsare shi a katin ɗalibai kaɗai, ya riƙa raba adireshi daga 10.10.0.50 zuwa 10.10.0.150 na awa 12, yana kuma amsa tambayar sunaye.

Sai katanga, wadda ita ce ainihin abin da mai wurin ya nema. Muka sa ƙa'idar farko ta zama hana duk wani miƙawa, sannan doka ta barin amsoshin hirar da aka riga aka fara, sai dokar hana 10.10.0.0/24 zuwa 192.168.0.0/24, a ƙarshe dokar barin ɗalibai su fita. Jerin yana da muhimmanci, domin dokar da ta fara dacewa da fakiti ita ke yanke hukunci. In ta bari ta riga ta hani, hanin ba zai taɓa aiki ba. Aka kira ɗalibin nan mai haddar adireshin firinta ya gwada. Bai samu ba. Kafin Magariba duk 18 suna kan intanet.

Mako na uku: an ɗauke wuta

Ranar Litinin da hantsi aka ɗauke wuta, aka tada janareta, kwamfutocin ɗalibai suka dawo, intanet bai dawo ba. Abu biyu ne. Kwamfutar tsakiya ba ta tashi da kanta ba sai da aka danna mata maɓalli, kuma da ta tashi ta manta komai, domin duk abin da muka buga ranar Alhamis a ƙwaƙwalwar aiki ya zauna. Wannan sakacina ne. Na bar wurin ban sa an adana ba. Ta waya na karanta masa: ya rubuta layin ip_forward a fayil cikin /etc/sysctl.d, ya sake buga dokokin daga littafinsa, ya sanya iptables-persistent wanda ke ajiye su a /etc/iptables/rules.v4 ya dawo da su duk lokacin da aka kunna. A cikin BIOS, wato saitin da ke jikin kwamfutar kafin Debian ya tashi, ya zaɓi ta tashi da zarar wuta ta dawo.

Washegari ta sake ƙin tashi. Da ya shiga BIOS ya tarar zaɓin ya koma yadda yake, agogo ma ya koma shekarun baya. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin allon uwa, CR2032, ya mutu tun tana sito. Aka sayo sabo wajen mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Muka gwada sau uku ta hanyar zare filogi daga bango, sau uku tana dawowa da kanta da dokokinta.

A ƙarshen makon wata matsala ta ɓullo mai rikitarwa: yau kwamfuta biyar ba intanet, gobe wasu uku daban. Da aka buga `ipconfig` a kan marasa lafiyar sai ga adireshi mai farawa da 192.168.1, wanda ba na ofis ba ne, ba kuma na dnsmasq ba. Muka bi wayoyin suwic ɗaya bayan ɗaya har bayan labule, inda wani mai taimaka wa malamin ya soka tsohuwar rautar gida don wayoyin hannu su samu Wi-Fi. Ita ma tana raba adireshi, tana cewa ita ce ƙofar fita, alhali bayanta babu komai. Kwamfuta in ta tashi ta nemi adireshi, wanda ya riga amsawa shi take bi. Aka kashe mata rabon adireshi, aka bar ta tana ba da Wi-Fi kawai.

Mako na biyar: hoto ya ƙi hawa

Lokacin cike fom ya zo, ɗalibai suka fara ɗora hoton fasfo da takardun shaida. Shafi zai buɗe, a cike suna da komai, a danna ɗora hoto, sai ya tsaya cak. Wani lokaci ya wuce bayan dogon jira, wani lokaci shafin ya gaji ya yanke. Daga kwamfutar ofis kuwa, hoto iri ɗaya, shafi iri ɗaya, nan take yake hawa. An zargi sabis, an zargi shafin, an rage girman hotuna. Ba a dace ba.

Wayar Ethernet tana ɗaukar fakiti har bait 1500, amma ba dole kowane zango na hanya ya ɗauki haka ba, kuma hanyar layin waya sau da yawa ta fi ƙunci. In fakiti ya fi ƙarfin zango kuma an hana a gutsura shi, na'urar wurin tana jefar da shi ta aiko ɗan saƙon gargaɗi da ake kira ICMP cewa a rage. Daga kwamfutar ɗalibi muka aika ping mai nauyin bait 1472 da hanin gutsurawa, wanda da kawunansa, wato bayanan da ake liƙa wa gaban fakiti, ya cika 1500 daidai. Shiru. Daga kwamfutar tsakiya muka aika irinsa da `ping -M do -s 1472`, sai ga amsa ƙarara cewa ya yi girma, iyaka 1400. Ashe saƙon gargaɗin yana zuwa, a ƙofarmu yake mutuwa.

Muka buɗe rules.v4 muka gwada da abin da aka buga ranar Alhamis. Dokar asali ta ce ESTABLISHED,RELATED. Da ya sake bugawa daga littafi ranar da aka ɗauke wuta, kalma ta biyu ta faɗi. RELATED ita ce ke barin saƙon da ba cikin hirar yake ba amma ya shafe ta, irin wannan gargaɗi. Saukewa ba ta samu matsala ba saboda a can gargaɗin yana komawa ne ga saba, wato kwamfutar da shafin yake kanta, ba ya bi ta wurinmu. Ɗorawa ce kaɗai ke buƙatar ɗalibi ya ji shi. Aka mayar da kalmar, hoto ya hau. Muka ƙara dokar da ke rage girman gutsuren bayanin da ake aikawa ta tsarin TCP zuwa 1360 tun a gaisuwar farko, wato 1400 a cire 40 na kawuna, don kada a dogara da gargaɗin kaɗai.

Mako na shida: abin da bai yiwu ba

Da mai wurin ya ga abu ya zauna, sai ya ce yana so ya riƙa shiga wata kwamfutar ɗakin daga gida. Malamin ya buɗe mashiga a kwamfutar tsakiya, ya buɗe a rautar ofis, daga waje babu amsa. Da muka duba adireshin da kamfanin layi ya ba rautar, da 100.64 ya fara. Wannan rukuni, 100.64.0.0/10, an keɓe shi ne a 2012 domin kamfanoni su yi wa abokan cinikinsu NAT a nasu ɓangaren, bayan IANA, hukumar da ke rabon adireshin intanet a duniya, ta raba ragowar manyan rukunan IPv4 ga hukumomin yankuna biyar, har da AFRINIC ta Afirka, ranar 3 ga Fabrairu 2011. Ke nan sauyi uku ne a jere: namu, na rauta, da na kamfani, kuma na ukun ba a hannunmu yake ba. Na ce masa, "Alhaji, ƙofa biyu mun buɗe, ta ukun makullinta ba ya gidan nan." Mafita ita ce a sayi adireshi na kai daga kamfani, ko a yi hayar saba a waje a haƙa rami zuwa gare ta da manhaja irin su WireGuard. Ya lissafa kuɗin wata-wata, ya ce a bari.

Hukunci

Zaɓin tsohuwar kwamfuta daidai ne ga wannan wuri. Aikin bai fi ƙarfinta ba, buƙatu ukun sun biya, kuma abin da aka saya bai wuce katin USB da batiri ba. Gwajin makon farko ma bai gaza don kayan aikin ba su da kyau ba. An nemi sauya adireshi ya yi aikin katanga ne, kuma ba aikinsa ba ne.

Kwana ukun da suka salwanta a mako na biyu su ne suka fi damuna, domin babu kayan da ya lalace. Kurakurai uku ne suka jeru, kowanne yana ɓoye na bayansa, shi ya sa duk abin da ya gyara sai ya ga kamar bai yi komai ba, har ya koma zargin waya da kati. Burauza amsa ɗaya take bayarwa, ya buɗe ko bai buɗe ba. Gwaji zango-zango, daga ɗalibi zuwa 10.10.0.1, zuwa rauta, zuwa 8.8.8.8, sannan zuwa suna, shi ne ya nuna inda kowane kuskure yake tsaye, tcpdump da ma'aunin fakiti kuma suka nuna dalili. Matsalar hoto ta mako na biyar kuwa 'yar sakacin ranar Alhamis ce: da an adana dokokin a fayil a ranar, da ba a sake buga su da hannu ba, da kalmar ba ta faɗi ba.

Rauni ɗaya ya rage wanda na gaya wa mai wurin a fili. Sunan katin USB yana ɗauke da lambar wannan katin ne kaɗai, don haka ranar da ya mutu aka soka wani, sunan zai canza, dnsmasq da saitin adireshi su daina ganinsa. Malamin ya rubuta fayil biyun da za a gyara a ƙasan zanen da ya yi ranar Alhamis, ya manna takardar a gefen kwamfutar da salatif, ya ajiye kwafin rules.v4 a filashi cikin aljihun teburin ofis.